Littafin Algernon: kukan me muka yi a ƙarshensa?

Yayar Habu: Assalamu alaikum. Jiya bayan isha'i na ƙarasa littafin da muka zaɓa na wannan watan, Flowers for Algernon na Daniel Keyes, har yanzu kuma raina bai kwanta ba. Wanda bai kai ƙarshe ba ya yi haƙuri, zan fasa ƙwai.

Charlie Gordon ɗan shekara 32 ne a New York, yana shara da aike a gidan burodi, makinsa a gwajin basira 68. Masana suka yi masa wata tiyata da suka riga suka gwada a kan wani farin ɓera mai suna Algernon. Cikin 'yan watanni makinsa ya kai 185, ya zarce waɗanda suka yi masa aikin. Sai ɓeran ya fara rikicewa har ya mutu, Charlie ya gano da binciken kansa cewa shi ma hanyar da zai bi ke nan. Haka kuwa aka yi, ya koma gidan jiya.

Na ga da yawa a nan sun ce sun yi kuka. Ni ma na yi. Amma ina ajiye littafin sai na ji motsin Habu a tsakar gida yana jera bokitai saboda ruwan safe. Ƙanena ne, shekararsa 29, ko sunansa ba ya iya karantawa, in an aike shi ba ya gane canji. Sai na tambayi kaina, wai kukan me nake yi? Abin da aka nuna mini a matsayin babbar masifa, wato komawar Charlie, ita ce rayuwar Habu kullum ta Allah. Ashe rayuwarsa abin kuka ce? Shi dai bai taɓa ganinta haka ba. Ji nake kamar littafin ya ja ni na ci amanar ƙanena. Ku taya ni dubawa, ko ni ce na yi masa mummunar fahimta.

Ɗalibin Adabi: Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya ƙara wa Habu lafiya. Ni a ganina littafin yana bayanki ne, ba ya gaba da ke. Ki tuna taron masana na Shikago. Farfesa Nemur, ɗaya daga cikin masanan da suka yi masa aikin, ya tsaya gaban jama'a yana magana kamar shi ya ƙera Charlie, kamar kafin tiyata babu wani mutum a wurin. Abin da ya fi ƙona ran Charlie ke nan, har ya buɗe kejin Algernon suka gudu tare. Sau da yawa yana nanata cewa shi mutum ne tun kafin wuƙa ta taɓa kansa. Wannan ai ita ce maganarki.

Yayar Habu: Na gani ƙanena. Amma wa ya faɗi maganar? Charlie mai maki 185 ne. Sai da aka mai da shi gwani kafin aka saurare shi yana cewa wancan na farko ma mutum ne. Habu ba zai taɓa tsayawa gaban farfesa ya kare kansa da hujja ba. To wa zai shaide shi?

Ɗalibin Adabi: Wannan kam ta kama ni. Sai dai ki duba ginin littafin. Duk labarin rahotanni ne da Charlie ya rubuta da hannunsa daga Maris zuwa Nuwamba. Na farkon cike suke da kuren rubutu, babu aya babu waƙafi. Kuma tun a waɗannan shafukan muka so shi, tun bai san komai ba. Mun ga abokan aikinsa na gidan burodi, Joe Carp da Frank Reilly, suna mai da shi abin dariya yana ɗauka abota ce, mu ne muka ji zafin, shi bai ji ba. Da ya zama gwani kuwa, wallahi akwai wuraren da na ji ya fita raina, saboda girman kai da raina mutane. Marubucin da gangan ya yi haka.

Malamin Aji Huɗu: Bari in sa baki a matsayina na wanda ya shekara 17 yana riƙe alli. Keyes malami ne kafin ya yi suna. Ya koyar da Turanci a New York a ajin yaran da ake ganin ba sa ja, kuma shi da kansa ya ba da labarin wani yaro da ya same shi ya tambaye shi, in ya dage ya yi ƙoƙari, za a mai da shi ajin sauran yara? Daga nan Charlie ya samo murya. Ya fara fitar da shi gajeren labari a 1959, ya ci kyautar Hugo a 1960, sannan ya faɗaɗa shi littafi a 1966, ya ci Nebula. Masu buga littattafai sun matsa masa ya canza ƙarshen, Charlie ya riƙe basirarsa ya auri malamarsa Alice Kinnian, ya ƙi.

Abin da ya tsaya mini ba tiyatar ba ce. Dalilin da ya sa Charlie yake son basira ne. Ba don ya zama farfesa ba. So yake in ma'aikatan gidan burodi suna hira ya gane abin da suke cewa ya sa baki, a so shi. Ina da irinsa a aji kowace shekara. Suna zama a baya, an riga an raɗa musu suna: daƙiƙi, dolo, gaula. Ni ma a shekarun farko na yi amfani da bulala a kan yaron da yanzu na san ba ƙin karatu yake ba. Ina neman gafarar Allah a kan wannan. Yara casa'in a aji ɗaya ba hujja ba ce, amma ita ce ta sa ban taɓa zama na tambaye shi ina ne ya tsaya masa ba.

Ɗan Kantin Kwari: Ni abin da na ɗauka shi ne uwar Charlie ɗin nan Rose muguwa ce. Uwar da za ta ɗauki wuƙa a kan ɗanta ta ce a fitar mata da shi daga gida a daren nan? Allah ya raba mu da irinta. Duk wahalar Charlie daga gare ta ne.

Maman Khalifa: Alhaji, ka yi haƙuri, amma kada ka yi saurin yanke mata hukunci. Na daɗe ina karanta saƙonninku ban ce komai ba. Ɗana shekararsa 11, an sha doguwar naƙuda wajen haihuwarsa, bai yi kuka da wuri ba. Sai da ya shekara huɗu ya fara haɗa kalma biyu.

Ban kare abin da Rose ta yi ba, zalunci ne. Amma na san hanyar da ta bi ta kai can, don na taka rabinta. Ka duba farkonta. Ba ƙin yaron ta yi ba, ƙin yarda ta yi cewa akwai matsala. Ta yi ta jansa wurin likitoci, har wurin wani Dakta Guarino mai na'urar bogi da ya cinye musu kuɗi. Ni ma na yi. Babu rubutun da Khalifa bai sha ba, babu hayaƙin da ba a yi masa ba, na sayar da 'yan kunnena na gwal na kai wa wani mai magani da ya rantse mini wata uku zai yi magana kamar kowa. Wata tsohuwa a dangin mijina ta ce ɗan ruwa ne. A gidan biki ana jan yara daga kusa da shi. Duk wanda ya kalle shi ni yake kallo, kamar ni na jawo. In mace ta shekara goma a haka babu mai ce mata sannu, zuciyarta tana iya komawa wani abu da ita kanta ba za ta gane ba.

Kuma ga abin da ya fi ba ni tsoro a littafin. Da aka haifi Norma, ƙanwar Charlie, lafiyayya, Rose ta samu shaidar cewa ba daga ita ba ne, sai ta saki Charlie. Ranar da na haifi ƙanwar Khalifa ta yi kuka nan take, na ji wani sanyi a raina wanda har yau nake jin kunyarsa.

Ɗan Kantin Kwari: Subhanallah. Hajiya ki yafe mini, na yi magana ba tare da sanin nauyinta ba. Allah ya ba ki ladan haƙuri.

Maman Khalifa: Babu komai Alhaji. Ka lura ma da wani abu: Charlie da ya girma ya tuna Guarino ba da ƙiyayya ba, duk da damfarar, saboda shi ne ya riƙa yi masa magana kamar mutum. Mai damfara ya fi farfesa iya mu'amala da shi. Wannan wurin na karanta shi sau uku.

Anti Nas: Ina so in ƙara wani abu ta ɓangaren asibiti, don littafin ya faɗi sunan lalurar Charlie, ba a dai cika lura ba. Ita ce PKU. Ciwon gado ne, jikin yaro ba ya iya sarrafa wani sinadari da ke cikin abinci mai gina jiki, ana ce masa fenilalanin, sai ya taru ya lalata ƙwaƙwalwa a hankali. Wani likita ɗan Norwe, Asbjørn Følling, shi ya gano ta a 1934, bayan wata uwa ta kawo masa 'ya'yanta biyu ta dage cewa fitsarinsu yana wani wari daban. A farkon shekarun 1960 Robert Guthrie a Amurka ya fito da gwajin da ake ɗan huda diddigen jariri a ɗiga jini a takarda. In an gano da wuri, aka sa yaro a kan abinci na musamman tun yana jariri, yakan tashi da basirarsa lafiya lau.

Wato a lokacin da littafin ya fito, maganin irin Charlie na gaskiya ya riga ya samu, kuma ba tiyatar mamaki ba ce. Ɗigon jini ne da kula da abinci. Tiyatar da ke littafin babu ita, har yau babu wani aiki ko ƙwaya da ke ɗaga mutum daga 68 zuwa 185. A 1999 an samar da ɓeraye a jami'ar Princeton da aka taɓa ƙwayar halittarsu suka fi sauran saurin koyo da riƙe abu, amma abin ya tsaya a ɓera.

A wajenmu PKU ba ita ce babbar matsala ba. Abin da nake gani a ɗakin yara shi ne doguwar naƙuda, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani ana shanya yaro a rana, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya haura kai, ƙarancin aidin, da tamowa. Ga gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara kusan 400, waɗanda suka rayu da yawa ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Akasarin waɗannan ana iya kare su.

Yayar Habu: Anti, Habu sanƙarau ne yana ɗan wata takwas. Inna takan ce da an kai shi asibiti kwana biyu kafin nan. Ba na son in ji tana faɗin haka.

Anti Nas: Ki gaya mata ba laifinta ba ne. Rigakafin da ake yi yanzu ba kowa ke samunsa ba a lokacin. Kuma don Allah kada a ɗauki maganata kamar ina cewa wanda abin ya riga ya sama ya zama asara. Kare lalura daban, mutunta mai ita daban, duka biyun aikinmu ne.

Ɗan Maraɗi: Sannunku da hira. Ni da Faransanci na karanta shi, Des fleurs pour Algernon. Abin da ban ga an taɓo ba shi ne izini. Wa ya yarda a yi wa Charlie aikin? Shi yana so, gaskiya ne, amma bai san me ake nufi da haɗari ba. Sai aka nemo Norma, ƙanwar da ta shekara da shekaru ba ta gan shi ba, ta sa hannu. Kuma Nemur yana gaggawa ne saboda sunansa da kuɗin masu ɗaukar nauyin binciken, bai jira ya ga ƙarshen ɓeran ba.

Wannan ba ƙirƙira ce kawai ba a Amurkar wancan zamani. A 1927 kotun ƙolinsu ta halatta a yi wa wata matashiya Carrie Buck aikin hana haihuwa dole, da sunan tana da raunin hankali, kuma mutum fiye da 60,000 aka yi wa haka a ƙasar. A 1941 mahaifin Rosemary Kennedy, ƙanwar wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya, ya sa aka yi mata tiyatar ƙwaƙwalwa tana da shekara 23. Ta fito ba ta iya tafiya ko magana sosai, haka ta rayu har 2005. Ga makarantar Willowbrook ta masu raunin hankali a New York, an gina ta don mutum 4,000, ta tara fiye da 6,000. A can likitoci suka riƙa sa wa yaran da ke wurin ƙwayar ciwon hanta da gangan don bincike, da sa hannun iyayen da ke neman inda za su ajiye 'ya'yansu. Sai a 1972 ɗan jarida Geraldo Rivera ya shiga da kyamara duniya ta gani, ba a rufe ta ba sai 1987. In ka san wannan, gidan Warren na ajiye masu raunin hankali, wanda Charlie ya zaɓi ya koma a ƙarshe, zai ba ka tsoro fiye da yadda littafin ya nuna shi.

Baban Ummi: Zan faɗi abin da wataƙila ba zai yi daɗi ba. Da tiyatar gaskiya ce, kuma ba ta warwarewa, ni zan sa hannu a yi wa 'yata. Ba don ban ɗauke ta mutum ba. Ummi shekararta 19, ni na haura sittin, mahaifiyarta ta rasu. Duk dare tunanina ɗaya: in na mutu wa zai riƙe ta? Wa zai tsare ta daga mugayen maza da suka san ba za ta iya ba da labari ba? Mu da muke cewa a so su yadda suke, gaskiya muke faɗa, amma duniya ba ta son su yadda suke. Kada mu yi wa lalura kwalliya.

Yayar Habu: Baba, ban isa in musa maka ba, tsoron nan ni ma ina da shi. Amma ka duba, duk abin da ka lissafa, mugaye da rashin mai riƙo, ba a cikin kan Ummi yake ba. A cikin mutane yake. Charlie ma da ya yi basira ba a so shi ba. Ma'aikatan gidan burodin nan da suke dariyarsa, su suka haɗu suka sa hannu a kore shi da ya fi su sani. Ya je shagon askin mahaifinsa, uban ya yi masa aski bai gane shi ba, shi kuma ya kasa cewa ni ne.

Baban Ummi: Haka ne 'yata. Sai dai gyaran mutanen gari ya fi ƙarfina, shekaruna ba za su kai ba. Shi ya sa zuciya take raya wa uba gajeriyar hanya. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci an sa mata hannu a Najeriya tun Janairun 2019, amma makaranta uku na kai Ummi a baya suka ce ba su da malamin irinta, kuma har yau a unguwarmu ban ga abin da ya canza ba.

Malam Na Zaure: Allah ya saka wa kowa. Baban Ummi, Allah ya ba ka tsawon rai, ya tanadar mata mai riƙo na gari. Neman magani ba laifi ba ne, an umarce mu da shi. Abin da nake so in tunatar shi ne inda daraja take. Allah ya ce ya karrama 'yan Adam, a Suratul Isra'i aya ta 70, bai sa sharaɗin kaifin ƙwaƙwalwa ba. Kuma Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wata mata da ke da wani abu a hankalinta ta ce wa Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, tana da buƙata a wurinsa. Ya kira ta da alkunya, ya ce ta zaɓi duk hanyar da take so, ya je ya tsaya da ita har ta gama maganarta. Bai aika wani ba, bai tambayi danginta me take so ba. Ita ya saurara.

Mu kuwa mun iya cewa “bawan Allah ne, ba shi da zunubi”, mu ba shi sadaka, sannan mu bar yara suna binsa da jifa. Tausayi muke yi, ba girmamawa ba.

Ɗalibin Adabi: Malam, wannan ya tuna mini wurin da Charlie yake gidan abinci, wani yaro mai irin lalurarsa ta da ya fasa farantai, kowa ya fashe da dariya, shi ma ya tsinci kansa yana dariya kafin ya farga ya daka musu tsawa. Yaya, ina ganin nan ne amsar tambayarki ta farko. Ni ba komawarsa na yi wa kuka ba. Na yi kuka ne ranar da ya manta ya shiga tsohon ajinsa ya zauna a kujerarsa, Alice ta fita da gudu tana hawaye, shi kuma ya yanke shawarar barin gari don kada a riƙa jin tausayinsa.

Yayar Habu: Wataƙila. Har yanzu ina ganin littafin ya fi sanin zafin mai basira da ya rasa ta fiye da rayuwar wanda bai taɓa samunta ba. Babu shafi ɗaya da ya nuna irin daɗin da Habu yake ji in ya ga tantabarunsa sun dawo da yamma, ya ƙirga su da suna ba da lamba ba, ya san wadda ba ta dawo ba. Amma maganar Malam ta sa na yi abin da ban taɓa yi ba a shekara 29. Ɗazu bayan la'asar na zauna da shi na ba shi labarin a taƙaice, na tambaye shi, in akwai maganin da zai sa ya iya karatu, yana so? Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko da allura. Na ce a labarin har da yanka. Ya ce a'a. Can kuma ya ce shi abin da yake so ya iya shi ne ya kira Inna a waya da kansa in ta je unguwa, ba sai ya jira wani ya danna masa ba. Bayan haka ya tambaye ni wa ya ci gaba da ba ɓeran abinci da mutumin ya manta.

Malamin Aji Huɗu: Wannan mai yiwuwa ne Hajiya. Kada ki fara da lambobi. Ki sa hoton Inna a kan lambarta, ki bar mutum uku kawai a allon farko, ku riƙa gwadawa sau biyu a rana a lokaci ɗaya, ita Inna tana ɗaki tana ɗagawa don ya ji muryarta nan take. In ya kama wannan sai a ƙara mutum na huɗu.

Maman Khalifa: Malam, ni ma ka turo mini yadda ake yi. Wayata ƙarama ce mai madannai, ba ta nuna hoto.

Malamin Aji Huɗu: Ita ma tana yi Hajiya. Akwai kiran gaggawa da ake ɗaura lamba a kan madanni ɗaya. Ki ɗiga jan farce a kan madannin, ki ce masa ja shi ne Mama.